Me ya sa ƙananan garuruwa ke mamaye gasar ƙwallon raga ta Italiya?

"Assalamu alaikum. Malam, tun ina sakandare nake buga ƙwallon raga, kwanan nan kuma na fara bin gasar maza ta Italiya, SuperLega, ta intanet. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Manyan ƙungiyoyin duk na garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba ne, su Trento da Civitanova, ban ga Roma ko Turin ko Napoli ba kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Sannan in na duba jerin waɗanda suka ci kofi a da, sai in ga Panini da Maxicono da Sisley, yanzu kuwa babu su. Ina suka shiga? Don Allah a ba ni tarihin gasar, da lokacin da ta zama ta ƙwararru."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma jijiyarsu ɗaya. Gasar Italiya ba ta taɓa dogara da kuɗin talabijin ko yawan 'yan kallo irin na manyan birane ba. Tun farkonta a kan abu biyu take tsaye: garin da ya riƙi wasan a matsayin nasa, da attajirin garin da ya yarda ya zuba kuɗinsa. In ka riƙe wannan, za ka gane dalilin mamayar ƙananan garuruwa, da dalilin ɓacewar sunayen da ka lissafa. Zan tsaya a kan gasar maza, domin ta mata hukumarta daban, tarihinta ma daban.

Mafari a lardin Emilia-Romagna

Sojojin Amurka ne suka shigo da wasan Italiya a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, kuma ɗaya daga wuraren da aka fara ganinsa shi ne sansanin jiragensu na Porto Corsini, kusa da garin Ravenna. An kafa hukumar ƙwallon raga ta ƙasar, FIPAV, a birnin Bologna ranar 31 ga Maris 1946, aka yi gasar farko a shekarar, ƙungiyar Robur ta Ravenna ta ci. Ita ta sake ci a 1947 da 1948 da 1949 da kuma 1952. Shekaru biyun da ke tsakani ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Parma ce ta ɗauka. Daga 1953 zuwa 1963 kuwa kofin bai fita daga garin Modena ba, sau goma sha ɗaya a jere, ƙungiyoyi uku na garin suna karɓa-karɓa: Minelli da Villa d'Oro da Avia Pervia.

Ka ga kenan kofuna goma sha takwas na farko duk a lardi ɗaya suka zauna. Ravenna da Bologna da Modena da Parma maƙwabtan juna ne, daga Modena zuwa Parma ko Bologna bai fi tafiyar awa guda a mota ba. Wannan kusanci ya yi tasiri ƙwarai. Ƙungiyoyin wancan zamani na masana'antu ne da majami'u da ma'aikatun gwamnati, 'yan wasan kuma ma'aikata ne da ɗalibai masu atisaye bayan an tashi aiki. Ba su da kuɗin doguwar tafiya, don haka inda abokan karawa suke kusa, nan wasan ya fi bunƙasa, nan aka fi samun masu horarwa, nan yara suka tashi suna ganin raga a harabar makaranta. Ƙungiyar da ta fara karya wannan mamaya a 1964 ita ce Ruini ta Florence, ta 'yan kwana-kwana, wadda ta ci kofi biyar zuwa 1973.

Yadda sunan kamfani ya rufe sunan ƙungiya

Nan amsar tambayarka ta biyu take. A 1966 'yan'uwa biyu, Giuseppe da Benito Panini, masu kamfanin nan na Modena da ke buga ƙananan hotunan 'yan ƙwallo da yara ke mannawa a littafi, suka kafa ƙungiyar ƙwallon raga suka sa mata sunan gidansu. Ta ci kofi a 1970 da 1972 da 1974 da 1976. Daga nan al'adar ta zauna: ƙungiya tana da sunanta na rajista, amma sunan da ake kiranta da shi a jarida da kan riga na kamfanin da ke ɗaukar nauyinta ne, kuma yana iya sauyawa kowace kaka.

Don haka in kana karanta jerin zakaru, ka bar kallon kalmar farko, ka kalli sunan gari. Panini da Philips da Daytona da Las da Casa Modena duk ƙungiya ɗaya ce, ita ce Modena Volley ta yau. Santal da Maxicono duk Parma ce, na farko ruwan 'ya'yan itace, na biyu askirim. Klippan da Robe di Kappa duk ƙungiyar jami'ar Turin ce. Itas kamfanin inshora ne, ƙungiyar kuma Trentino ta garin Trento. Lube kamfanin kayan kicin ne. Kuskuren da na fi gani wurin masu lissafa kofuna shi ne su raba ƙungiya ɗaya gida uku saboda sunan ya canza, ko su haɗa kofunan Minelli da Avia Pervia da na Panini tunda duk Modena ne. Modena Volley tana da kofin lig goma sha biyu, ita ce ta fi kowa. Goma sha ɗayan nan na 1953 zuwa 1963 na wasu ƙungiyoyi ne daban.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara rikita lissafi. A Italiya gurbin da ƙungiya ke da shi a rukuni kamar kadara yake, ana iya miƙa shi ga wata ƙungiyar. Trentino, wadda aka kafa a 2000, ba ta hau matakala daga ƙasa ba, gurbin Ravenna ta saya ta shiga rukunin farko kai tsaye. Haka kuma ƙungiya na iya tashi daga wani gari ta koma wani. Lube an kafa ta ne a 1990 a Treia, ƙaramin gari mai mutane ƙasa da dubu goma inda masana'antar take, ta yi shekaru tana wasa a Macerata, sannan ta koma Civitanova Marche a 2015. In ka ga Macerata ta ci a 2006 da 2012 da 2014, Civitanova kuma a 2017 da 2019 da 2021 da 2022, to gida ɗaya ne, kofi bakwai.

Shekarun da gasar ta girma

Ƙarshen shekarun 1970 ne aka gina tsarin da ake kai har yau. A kakar 1977/78 aka raba rukunin farko gida biyu, A1 da A2. Kaka ɗaya bayan haka aka fara kofin ƙalubale na Coppa Italia. A 1978 ƙungiyar Paoletti ta Catania ta ci lig, kuma har yau ita kaɗai ce daga kudancin ƙasar da ta taɓa yin haka. Kocinta, Carmelo Pittera, shi ya ja tawagar ƙasa zuwa wasan ƙarshe na gasar duniya a Roma a wannan shekarar, inda suka zo na biyu bayan Tarayyar Sobiyet. Wannan lambar azurfa ce ta fara jawo hankalin jama'a da 'yan kasuwa. A 1980 Turin, ƙarƙashin Silvano Prandi, ta zama ƙungiyar Italiya ta farko da ta ci kofin zakarun Turai, kofin da ƙungiyoyin gabashin Turai suka riƙe tun da aka fara shi. Parma ta biyo baya a 1984 da 1985.

A kakar 1981/82 aka shigo da zagayen fitar da gwani bayan an gama wasannin lig, kuma tun daga lokacin wanda ya zo na ɗaya a tebur ba shi ne zakara ba tukuna. A shekarun ne kuma baƙi suka fara sauya salon wasan. Kim Ho-chul, ɗan Koriya ta Kudu mai raba ƙwallo, ya zo Parma a 1981 da salon ɗaga ƙwallo ƙasa-ƙasa cikin sauri, yadda masu tarewa ba sa samun damar haɗa hannu kafin a doka. Parma ta ci lig a 1982 da 1983 da shi. Sai Julio Velasco, ɗan Ajantina, wanda ya fara da ƙaramar ƙungiyar Jesi a 1983, ya koma Modena a 1985, ya ci lig sau huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989. Velasco yana cikin waɗanda suka mayar da ƙididdiga kayan aikin koci na yau da kullum: a rubuta kowane sabis da kowace karɓa da kowane duka, a san inda abokin karawa ke son aika ƙwallo a kowane juyi cikin juyi shida. Duk da haka sau uku a jere, 1987 da 1988 da 1989, CSKA Moscow ta hana Modena kofin Turai, sai a 1990 ta same shi bayan Velasco ya koma tawagar ƙasa.

A 1987 ƙungiyoyin suka kafa hukumarsu ta kansu, Lega Pallavolo Serie A, wadda ke tsara jadawali da cinikin talla da nuna wasa, FIPAV kuma ta ci gaba da riƙe dokoki da alƙalai da tawagar ƙasa.

Kuɗin da ya zo kamar ambaliya, ya kuma janye

Wannan ne zangon da ya fi kowanne ba da darasi, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Tawagar Velasco ta ci kofin Turai a 1989 da na duniya a 1990 da 1994, aka ƙara na uku a 1998 ƙarƙashin Bebeto ɗan Brazil. 'Yan wasan nan, su Andrea Zorzi da Andrea Lucchetta da Lorenzo Bernardi da Andrea Giani da Andrea Gardini da Luca Cantagalli da Paolo Tofoli, sun zama sanannu a kowane gida. Sai manyan attajiran ƙasar suka shigo. Silvio Berlusconi ya ɗauki ƙungiyar Milan ya kwaso Zorzi da Lucchetta. Rukunin kamfanonin Ferruzzi ya ɗauki Ravenna ya sa mata sunan jaridarsa, Il Messaggero, ya kawo Amurkawa biyu masu lambar zinare ta Olamfik, Karch Kiraly da Steve Timmons. Gidan Benetton masu tufafi suka gina Sisley a Treviso. Albashi ya yi tashin gwauron zabi cikin kaka ɗaya ko biyu.

A fili kam sakamakon ya yi kyau. Parma ta Gian Paolo Montali ta kwashe kofi biyar a kakar 1989/90. Ravenna ta ci lig a 1991, ta ci kofin zakarun Turai sau uku a jere daga 1992 zuwa 1994. Gasar ƙungiyoyi ta duniya da aka yi sau huɗu tsakanin 1989 da 1992, duk ƙungiyoyin Italiya ne suka ɗauka: Parma, Milan, Ravenna, sai Milan kuma. Daga 1992 zuwa 2000 kofin zakarun Turai bai bar Italiya ba, yana yawo tsakanin Ravenna da Treviso da Modena.

Amma kuɗin shiga na ƙungiyoyin bai taɓa kusantar abin da suke kashewa ba. Ɗakin wasa mai kujeru dubu huɗu ko biyar, ko ya cika maƙil kowane mako, kuɗin tikitinsa ba zai biya albashin taurari shida ba. Giɓin daga aljihun mai gida ake cike shi, ranar da ya janye hannu kuwa, babu abin da ƙungiya za ta jingina da shi. Rukunin Ferruzzi ya durƙushe a 1993. Berlusconi ya janye daga wasan ba tare da Milan ta ci lig ko sau ɗaya ba. Parma, mai kofin 1990 da 1992 da 1993, ta kasa ɗaukar nauyin zama a rukunin farko a tsakiyar shekarun 1990, ta sauka. Roma ta ci lig a 2000 da sunan Piaggio, bayan 'yan shekaru ta ɓace. Treviso ce ta daɗe, ta ci lig tara tsakanin 1994 da 2007 da kofin zakarun Turai huɗu, amma da gidan Benetton ya yanke shawarar daina kashe kuɗi a kan manyan ƙungiyoyinsa, sai ta buga kakarta ta ƙarshe a Belluno, ta bar rukunin a 2012. Ba faɗuwa ta yi a fili ba, rufe ta aka yi. Cuneo, zakarar 2010, ita ma ta fice a 2014.

To me ya sa Modena ba ta bi sahunsu ba, alhali ita ma gidan Panini ya sake ta a farkon shekarun 1990? A ganina amsar tana cikin garin. Modena gari ne mai mutane kimanin dubu ɗari da tamanin, ɗakin wasanta na PalaPanini da aka buɗe a 1985 yana cika ko ƙungiyar na ta shan kashi, kuma duk lokacin da mai ita ya gaji, wani ɗan kasuwar yankin yakan karɓa domin kunya ce gare su a ce ta mutu a hannunsu. A Roma da Milan da Turin ƙwallon ƙafa ya cinye shafukan jarida da kuɗin talla da hankalin matasa, ƙwallon raga baƙo ne a can. A Civitanova, mai mutane kusan dubu arba'in, ko Trento, ƙungiyar ƙwallon raga ita ce alfaharin gari, kuma mai masana'antar da ya zuba kuɗi yana ganin sunansa a bakin kowa. Milan tana da ƙungiya a SuperLega yanzu, amma har yau birnin bai taɓa cin kofin lig na maza ba.

Sauyin dokoki da haihuwar SuperLega

In ka kalli tsofaffin wasannin Kiraly da Zorzi za ka ga lissafin maki ya bambanta. A da, zubi, wato kowane kashi na wasan, yana ƙarewa ne a maki 15, kuma ɓangaren da ke da sabis kaɗai ke samun maki, ɗaya ɓangaren in ya ci ƙwallo sabis kawai ya karɓo. Wasa kan kai awa uku, abin da gidajen talabijin ba sa so. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar duniya ta kawo libero, mai riga daban wanda aikinsa karɓa da tsaron baya, ta kuma koma lissafin da ka sani yau: kowace ƙwallo maki ce, zubi 25, na biyar 15, da tazarar maki biyu. Wannan ya sa kuskuren sabis ya yi tsada, ya kuma ba ƙananan ƙungiyoyi damar kayar da manya a rana mai kyau.

An kuma gwada yanke zakara da wasa ɗaya tak a filin da ba na kowa ba, aka kira shi V-Day: Cuneo ta doke Trento a Bologna a 2010, Trento ta rama a kan Cuneo a Roma a 2011, Macerata ta doke Trento a Milan a 2012. Bayan nan aka koma tsarin jerin wasanni, wanda ni ma na fi gamsuwa da shi, tunda kaka ta wata bakwai ta fi ƙarfin a yanke ta a dare ɗaya.

Sunan SuperLega ya fara ne a kakar 2014/15. A shekarunsa na farko babu faɗawa rukuni na biyu, da nufin ƙungiyoyi su daina cin bashi don gudun faɗuwa, su kuma yarda su sa matasa. Illarsa ita ce waɗanda ke ƙasan tebur ba su da abin fafutuka daga tsakiyar kaka, don haka aka dawo da faɗuwa a 2018/19. Kakar 2019/20 annobar korona ta katse ta, ba a ba kowa kofi ba.

A wannan zamani gidaje huɗu ne ke juya kofin. Trentino ta fara ci a 2008 da koci Radostin Stoychev da ɗan wasa Matey Kaziyski, 'yan Bulgeriya, daga baya Osmany Juantorena ɗan asalin Kyuba ya zo, suka ci kofin zakarun Turai a 2009 da 2010 da 2011, da na duniya sau huɗu a jere zuwa 2012. Ta ci lig a 2011 da 2013 da 2015 da 2023 da 2025. Modena ta ci a 2016 da Bruno Rezende ɗan Brazil da Earvin Ngapeth na Faransa, wanda mahaifinsa ɗan asalin Kamaru ne. Perugia ta Gino Sirci, mai kamfanin kayan kariyar ma'aikata na Sir Safety, ta hau rukunin farko a 2012, ta ci lig a 2018 da 2024, ta kuma ci kofin zakarun Turai a 2025. Ta huɗu ita ce Lube. Cikin masu horarwa ka riƙe sunan Angelo Lorenzetti, wanda ya ci lig da Modena sau biyu, da Piacenza a 2009, da Trento a 2023, da Perugia a 2024.

Yaushe ta zama ta ƙwararru?

Amsar tana da fuska biyu. A aikace, tun shekarun 1980 'yan wasan manyan ƙungiyoyi ba su da wata sana'a sai wasan, suna atisaye safe da yamma, suna karɓar albashi. A doka kuwa, dokar Italiya mai lamba 91 ta 1981 ta bar wa kowace hukumar wasa ta ayyana ko tana da sashen ƙwararru, kuma ta ƙwallon raga ba ta ayyana ba, saɓanin ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando. Saboda haka ɗan wasan da ke cikin mafi tsada a duniya, a takarda ɗan sa-kai ne. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙungiyoyi haraji, amma ya bar 'yan wasa da ƙarancin kariya wajen fansho da rauni da kuma lokacin da ƙungiya ta kasa biya. Gyaran dokar aikin wasanni da ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2023 ya amince da su a matsayin ma'aikatan wasanni. Dalla-dallar kwangila da haraji fagen lauyoyi ne, iyakar abin da zan ce kenan a kai.

Yadda za ka bi kakar

Ƙungiyoyi goma sha biyu ne ke bugawa a 'yan shekarun nan, gida da waje, daga Oktoba, a kammala wajen Mayu. Wanda ya ci 3-0 ko 3-1 yana da maki uku. In aka kai zubi na biyar, mai nasara biyu, wanda aka doke ɗaya. Shi ya sa za ka iya ganin ƙungiya mai yawan nasarori tana ƙasa da wadda ba ta kai ta ba, don haka ka riƙa duba yawan 3-2 ɗinta. Takwas na sama suna shiga zagayen fitar da gwani, wanda ya fara cin wasa uku cikin biyar ya wuce, kuma wanda ya fi matsayi a tebur shi ke karɓar baƙuncin wasan yanke hukunci. Zakara yana ɗinka ƙaramar garkuwa mai launin tutar ƙasar a ƙirjin rigarsa a kaka mai zuwa, ita ake kira scudetto, tauraron zinare kuma na wanda ya kai kofi goma ne, abin da Modena kaɗai ke da shi.

Ka lura kuma da dokar da ta ce dole a sami 'yan Italiya uku a fili a kowane lokaci, har da libero. Ita ce ke bayyana wasu canje-canjen da ke kama da rashin dabara: koci na son shigo da baƙo mai zafin sabis, amma sai ya fitar da wani baƙon, ko ya sauya ɗan tsakiya don lissafin ya cika. Ita ce kuma ta sa ɗan ƙasa mai kyau ya fi baƙo tsada, ta sa ƙungiyoyi irin Trentino suka mai da hankali kan renon yara. Simone Giannelli yana da shekara goma sha takwas ya raba wa Trento ƙwallo a wasannin ƙarshe na 2015, kuma shi da Alessandro Michieletto, wanda shi ma a can ya tashi, suna cikin tawagar Ferdinando De Giorgi da ta ci kofin duniya a 2022 da 2025.

In wani ya ce maka babu gasar da ta kai ta Italiya, ka karɓa da ɗan taka-tsantsan. Zenit Kazan ta Rasha ta riƙe kofin zakarun Turai daga 2015 zuwa 2018, ZAKSA ta Poland ta ci sau uku daga 2021 zuwa 2023, biyu daga ciki a kan Trento, sabuwar gasar Japan ta SV.League da aka fara a 2024 kuma tana jan 'yan wasa da kuɗi. Inda Italiya ta yi fice shi ne ƙarfin ƙungiyoyin tsakiyar tebur. Tunda kai mai bugawa ne, ka sa ido a kan wasannin Verona, ka kalli yadda Noumory Keita ɗan Mali ke ɗaukar takun tsallensa da tsayin da yake taɓa ƙwallo a saman raga mai mita 2.43.